Shekara 53 Cikin Kududdufin Siminti

Masu karatu da suka taɓa zama a bakin Binuwai ko Kwara sun san ayu. A ruwa yake, amma ba kifi ba ne: iska yake shaƙa, haihuwa yake yi, ya kuma shayar da ɗansa. To, a manyan tekuna akwai wata ƙatuwar dabba mai irin wannan hali, baƙa da fari, Turawa na kiranta orka. Dangi-dangi suke zama, tsohuwar uwa ce shugaba, kuma kowane dangi da irin nasa kuka, kamar yadda karin harshen Bakano ya bambanta da na Basakkwace. A yini guda sukan yi tafiyar kilomita fiye da 100.

A watan Agustan 1970, mafarauta suka yi wa wani dangi ƙawanya a Penn Cove, cikin jihar Washington ta Amurka, suka kwashe 'ya'yan. Wata 'yar kimanin shekara 4 aka sayar wa gidan wasa na Miami Seaquarium, aka sa mata suna Lolita. Tafkin da aka zuba ta tsawonsa ƙafa 80, faɗinsa 35, inda ya fi zurfi kuwa ƙafa 20. Ita kanta da ta girma ta kai ƙafa 20. Ke nan dabbar da aka halitta don nutso ba ta da inda za ta nutsa.

Abokin zamanta, Hugo, ya riƙa buga kansa da bango har ya mutu a 1980. Daga nan ba ta sake ganin ɗan'uwanta orka ba. Aikinta ta yi tsalle, 'yan kallo su tafa, a jefa mata mataccen kifi. A watan Maris na 2023 aka yi shelar za a mayar da ita ruwan da aka haife ta. Ranar 18 ga Agusta ta mutu a cikin tafkin.

Masu waɗannan gidaje sukan ce ilimantar da yara suke yi. Mu da alli ne sana'armu ba mu ga darasin da ke cikin kallon dabbar da haƙoranta suka zaizaye saboda gwaguyar siminti ba.

Sai da rai ya salwanta aka farga. A 2010 wani orka mai suna Tilikum ya kashe mai horar da shi, Dawn Brancheau, a SeaWorld ta Orlando. Fim ɗin Blackfish na 2013 ya tona halin da dabbobin ke ciki, a 2016 kamfanin ya daina sa su hayayyafa. Kanada ta kafa dokar hani a 2019, Faransa a 2021.

Sai dai sakin su ba ƙaramin aiki ba ne. Keiko, wanda ya fito a fim ɗin Free Willy na 1993, an mayar da shi Aisilan a 1998, ya yi iyo har Norwe, amma bai daina neman mutane ba har ya mutu a 2003. A Faransa ma, da aka rufe Marineland ta garin Antibes a Janairun 2025, an rufe ne da orka biyu a ciki, Wikie da ɗanta Keijo, dukansu haihuwar tafki, bayan gwamnati ta hana a kai su Japan.