Musanya Tsohuwar Mota Da Sabuwa: Yadda Tsarin Yake Da Abin Da Shari'a Ta Ce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Tun da sojoji suka karɓe Khartoum a watan Maris na 2025 jama'a suka fara komawa gidajensu, tambayar mota ta yawaita a wurinmu a nan Kalakla. Wani ya dawo ya tarar da amjad ɗinsa da yake ciyar da iyali da ita tana zaune a kan duwatsu, babu taya, babu batir, an zare wayoyinta. Wani ko ƙarfenta bai gani ba. Daga cikin 'yan uwanmu da suka yi gudun hijira zuwa Masar akwai waɗanda suka ga yadda gwamnatin can take karɓar tsohuwar mota ta taimaka wa mai ita ya sami sabuwa, suka dawo suna tambaya: in an kawo mana irin wannan, ko dillali ya ce kawo taka ka yi ciko ka ɗauki wata, ya halatta?

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci surarsa, don haka mu fara da yadda tsarin yake.

Gwamnati ce take son tsofaffin motoci su bar titi, ko don hayaƙinsu da shan mansu, ko don masana'antun motocinta su sami ciniki. Sai ta ce duk wanda motarsa ta kai shekaru kaza ya miƙa ta a murƙushe, za a rage masa kuɗi kaza a farashin sabuwa. A 2009, lokacin da tattalin arziƙin duniya ya girgiza, Jamus ta biya yuro 2,500 a kan motar da ta kai shekara tara. Birtaniya ta sa fam 2,000 a kan wadda ta wuce shekara goma, rabi daga gwamnati rabi daga kamfanin motar. Amurka ta ba da dala 3,500 ko 4,500, ta kashe kusan dala biliyan 3 a kan motoci kusan 700,000 cikin ƙasa da wata biyu, kuma sharaɗinta shi ne a ɗura wa injin tsohuwar wani sinadari, a kunna shi har ya ƙame, don kada motar ta sake hawa titi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Masar. Dokar hanya ta 2008 ta hana sabunta lasisin motar haya da ta wuce shekara 20, sai a 2009 aka fara karɓar tsofaffin tasi masu baƙi da fari na Alƙahira, irin su Lada da Fiat da Peugeot 504, ana ba direbobi fararen tasi. A lokacin ana ƙimanta tsohuwar a kan fam 5,000 na Masar, a yafe wasu haraji, saura kuma banki ya biya, direba ya riƙa biyansa wata-wata. An canza tasi fiye da 40,000 ta wannan hanya. A 2021 suka sake buɗe wani shirin na motoci masu amfani da iskar gas, tallafinsa har fam 22,000 ga motar gida, 45,000 ga tasi, 65,000 ga ƙaramar bas, tare da bashin banki mai ruwa kashi 3 cikin ɗari. A riƙe wannan kashi 3, za mu dawo kansa.

Ita musanyar kanta babu laifi a cikinta. Mutane da yawa suna tsoro ne saboda sun ji an ce ba a musanya tsohon zinari da sabo a yi ciko, kuma haka ne. Matar da ta kai tsofaffin awarwaronta kasuwar Omdurman sai ta sayar da su ta karɓi kuɗinta, sannan ta sayi sababbi. Dalili shi ne hadisin Ubadatu bin Samit, Allah Ya ƙara masa yarda, da Muslim ya ruwaito, inda aka ambaci zinari da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri, aka wajabta daidaito da hannu-da-hannu in za a musanya jinsi da jinsinsa. Mota ba kuɗi ba ce, ba abinci ba ce, ba a auna ta a sikeli ko a mudu, saboda haka a mazhabobin nan huɗu ba ta cikin kayan riba. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi bin Umar ya sayi raƙumar hawa guda da raƙuma huɗu, Sayyidina Ali kuma ya sayar da wani raƙuminsa da raƙuma ashirin zuwa wani lokaci. Raƙumi shi ne motar wancan zamani. Don haka wanda ya kai tsohuwar Hiace ɗinsa Kirin Bahri ya yi ciko ya ɗauko wata bai ci riba ba.

Wasu kan kawo hanin da aka yi na ciniki biyu a cikin ciniki ɗaya, wanda Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito daga Abu Huraira, su ce ai dillalin ya shardanta ba zai sayi taka ba sai ka sayi tasa. A ganinmu wannan ciniki ɗaya ne, farashinsa shi ne tsohuwar mota da kuɗi kaza. Abin da muke jan kunne a kai shi ne a faɗi lissafi a fili kafin a rabu: sabuwar nawa, tsohuwar nawa, cikon nawa, yaushe za a biya. Ana yawan ɗaga wa mutum kuɗin tsohuwarsa don ya ji daɗi, a kuma ɗaga na sabuwar fiye da haka, ya tafi yana murna alhali an yanke shi. Kafin ka faɗa wa dillali kana da ta musanya, tambaye shi farashin lakadan.

Kai ma mai tsohuwar akwai naka. Motar da ta yi shekara biyu a tsaye cikin rana da ƙura, ko harsashi ya huda tankinta aka liƙe, ko aka zuba wa injinta mai mai kauri don ya rufe ƙara, wajibi ne ka faɗa. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa, ya kuma barranta daga mai algus. Fenti a kan tsatsa danshin ƙasan tarin ne.

Tallafin gwamnati kyauta ce da aka rataya a kan sharaɗi, karɓarsa halal ne ga wanda ya cika sharaɗin da gaskiya. Wanda ya canza shekarar mota a takarda, ko ya karɓi tallafi sannan ya bi ta bayan gida aka fito masa da motar da ya ce an murƙushe, ya ci dukiyar jama'a da ƙarya.

Akwai wata mas'ala da ba mu cika jin an tayar ba, ita ce lalata motar da take tafiya lafiya. Shari'a ta hana tozarta dukiya. In motar ta zama haɗari ga fasinja, ko hayaƙinta yana cutar da mutane, hukuma tana da ikon cire ta, kuma ƙarfenta ba ya tafiya a banza tunda narkar da shi ake yi. Amma ƙasa irin tamu, inda ma'aikaci yake tsayuwa a Laffa yana jiran motar da za ta kai shi Suƙ al-Arabi, a ce za a kashe injin da yake aiki don kamfani ya sayar da sabuwa, mu ba mu ga maslaha a ciki ba. Ko a Amurka masu bincike sun gano cewa yawancin waɗanda suka amfana dama suna da niyyar sayen mota, gaggauta sayen kawai suka yi, ciniki ya sake faɗuwa a watannin da suka biyo baya.

Inda ƙafa take zamewa shi ne cikon. Tallafin ba ya kai ko rabin kuɗin sabuwa, mai amjad kuwa ba shi da sauran a aljihu, dole ya nufi banki. Idan bankin kuɗi ya ba shi rance ya ce a mayar da ƙari, riba ce, ko da kashi 3 ne, ko da gwamnati ce ta sauƙaƙa shi. Mun san akwai masu fatawa a Masar da suke halatta irin wannan da hujjar cewa kaya ya shiga tsakani, amma mu ba mu gamsu ba sai in bankin ya mallaki kayan da gaske. Ƙanƙantar ruwa ba ta canza sunansa, ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara ba su ware kaɗan daga mai yawa ba.

A Sudan bankuna suna aiki da tsarin Musulunci, tun daga Bankin Faisal da aka kafa a 1977, kuma hanyar da aka saba ita ce murabaha. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta ta a zamanta na Kuwait a 1988, da sharaɗin banki ya sayi kayan, ya karɓe shi, asararsa ta zama a wuyansa, sannan ya sayar. A zamanta na Jidda a 1990 ta ce ya halatta farashin ajali ya fi na lakadan, amma in mai saye ya makara ba a ƙara masa ko sisi, kuma mai sayarwa yana iya riƙe kayan a matsayin jingina. Sai dai suna ba ya wadatarwa. Kowa a garin nan ya san murabahar takarda, wadda ake kawo rasiɗin dillali, banki ya zuba kuɗi, babu ma'aikacinsa da ya ga motar balle ya karɓi makullinta. Ka tambaya kafin ka sa hannu: in motar nan ta ƙone yau da dare, kafin a sayar mini, asarar wa ce? In aka ce taka ce, ka tashi.

Ko da cinikin ya inganta, a yi lissafi da idon basira. Direbobin farar tasi a Alƙahira sun sha zanga-zanga bayan 2011 saboda biyan wata-wata ya fi ƙarfinsu da kasuwa ta mutu. Tsohuwar mota takan ci kuɗin bakanike, amma ranar da ba ka fita ba babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ka ƙirga man fetur da inshora da kayan gyaran sabuwar, waɗanda sau da yawa sun fi tsada, da kwanakin rashin lafiya, ka ga ko abin da ya rage zai riƙe gida.

Sauran magana ita ce ta asalin motar, kuma a yau ita ta fi komai nauyi a Khartoum. Tun kafin yaƙin 15 ga Afrilu 2023 muna da motocin da ake kira Boko, masu shigowa ta Darfur babu takardun kwastan. Yaƙin ya zo aka kwashe motocin mutane bila adadin, wasu aka tsallaka da su iyaka, wasu aka wargaza su aka baje kayansu a kasuwannin ganima. Motar sata ba ta zama halal don ta bi hannu uku, kuma ba ta zama halal don an musanya ta da sabuwa. Mai ita in ya gan ta shi ya fi cancanta da ita, wanda ya saya sai ya koma kan wanda ya sayar masa. Haka ƙonannar motar da take gefen titin Jabal Auliya, tana da mai ita, ko yana Alƙahira ko yana kabari magadansa suna nan. Ɗan gwangwan da ya yanka ta ya auna a kilo, da wanda ya ja ta don ya miƙa a ba shi rangwame, hukuncinsu ɗaya. Duk motar da za ka bayar ko za ka karɓa, a duba lambar bodinta da ta injinta a ofishin 'yan sandan hanya, a tabbatar babu rahoton sata a kanta, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu kafin makulli ya canza hannu.

Wallahu a'alam.