Tsumman Bakin Makewayi

Duk wanda ya saba shiga gidajen jama'a a Rano da Kibiya, ko na ƙasa ko na siminti, idan ya kai dubansa bakin makewayi zai ga an shimfiɗa wani abu don goge ƙafa: a gidan mai hali guntun kafet ne ko tabarmar roba, a gidan talaka kuwa tsohon buhu ne, ko zanen da ya gaji, ko dardumar da aka yi wa ritaya daga salla. Niyyar kyakkyawa ce, amma abin takaici shi ne, tun ranar da aka ajiye shi ba wanda ya ƙara ɗaga shi, sai ya yi wata da watanni yana shan ruwan wanka da na tsarki da fitsarin yara, har ya yi baƙi ya manne da ƙasa, wanda ya kuskura ya ɗaga gefensa kuwa sai ya tarar da gansakuka da kyankyasai sun yi sansani.

Abin mamaki, mutumin da ya yi wanka da sabulu, ya yi alwala cikakkiya, ya tsettsefe yatsunsa kamar yadda aka karantar da shi, shi ne zai fito ya ɗora ɗanyar ƙafarsa a kan wannan ƙazanta, sa'an nan ya zarce kan sallaya. Alhali kuwa da wuya a sami zauren karatu a ƙasar Rano inda ba a biya Ahalari ba, kuma tun a farkon babin tsarki mawallafinsa Shehu Abdurrahman ya raba shi gida biyu, na hadasi da na kabasi, ya kuma bayyana cewa ba mai gusar da su sai ruwa mai tsarki mai tsarkakewa. Wanda ya san wurin da najasa ta taɓa a tufarsa, nan zai wanke, wanda wurin ya shige masa duhu kuwa, wanke tufar duka ya hau kansa. To, wa zai iya nuna inda najasa ta tsaya a jikin buhun da ya kwana arba'in a bakin shadda? Kada kuma wani ya ce ai ya bushe, domin a mazhabar Malikiyya bushewa ba ta ɗauke hukuncin najasa.

Ta fuskar lafiya ma lamarin bai tsaya ga wari ba. Cin ruwan da ke addabar mutane a tsakanin yatsu, musamman cikin markar Agusta sa'ad da rana kan yi kwanaki ba ta fito ba, ƙwayar cutarsa damshi take so, kuma takan tashi daga ƙafar mutum ɗaya ta bi tsumma ta kama ahalin gida baki ɗaya. Ga mai ciwon sukari kuwa, ƙaramar tsaga a yatsa tana iya zama gyambon da zai kai shi Babban Asibitin Rano. Mai rarrafe shi ma nan yake dafawa ya kai hannu baki, mu kuwa ba mu manta da amai da gudawar 2021 ba, wadda Kano tana cikin jihohin da ta fi yi wa ta'adi. Ga kuma tsofaffi, da tabarmar roba kan zame da su a kan tayil idan ƙasanta ya yi yauƙi.

Maganin bai buƙaci dukiya ba. A tanadi biyu maimakon ɗaya, domin a duk safiya a ɗauke na jiya a rataye shi a igiya ko a kan katanga inda rana za ta doke shi, a shimfiɗa busasshen. Wannan ɗagawar ita ce ginshiƙin al'amarin, kuma ita ce ake yi wa ganda, har ka ga uwargida ta share tsakar gida tas, ta kewaye tsumman da tsintsiya kamar an kafa shi da ƙusa. Sau ɗaya a mako a wanke shi da ruwan zafi da omo a cikin bokitin da aka keɓe masa, ban da na wankin tufafi, a ɗauraye da ruwa tsantsa, a kuma goge gurbinsa da buroshi kafin a mayar. Na roba a kifa shi a cuɗa bayansa, don can ne yauƙi ke taruwa. Mai sa Hypo ya tsarma shi da ruwa, kuma kada ya kuskura ya gauraya shi da Harpic, domin haɗuwarsu tana tayar da iska mai guba wadda kan shaƙe mutum a makewayin da ba taga. Wanda ya riga ya ruɓe kuwa, ba sauran wanki a kansa, a ƙone shi kawai a nemo wani.