Yadda tsohon kaset ya dawo da Mamman Sani fagen kiɗa, da abin da ake nufi da wankin sauti

Duk wanda ya daɗe yana sauraren Muryar Sahel ko kallon Tele Sahel ya san wani kiɗa mai sanyi da ake sakawa tsakanin shiri da shiri. Babu ganga a ciki, babu kalangu, sai amon lantarki mai kama da busar sarewa. Mutane da yawa sun haddace kiɗan ba su san mai shi ba. Sunansa Mamman Sani Abdoulaye, kuma labarin yadda kundinsa na 1978 ya sake fitowa bayan shekara 35 ya shafi kowane gida da ke da tsohon kaset a cikin adaka, daga Gangara zuwa Agie, Gazawa da Gidan Rumji, har da ƴan uwanmu da ke zaune Kano, Legas, Abijan, Libiya ko Aljeriya.

Wane ne Mamman Sani?

Mamman Sani ma'aikaci ne da ya yi aiki da hukumar UNESCO. A wajen wani taron hukumar ne ya sayi ogan, wato fiyano mai aiki da lantarki, ƙirar kamfanin Orla na ƙasar Italiya, daga hannun wani wakilin ƙasar Ruwanda. Ya zo da shi gida ya riƙa ɗora masa amon kiɗan gargajiyar Nijar, har ya zama ɗaya daga cikin na farko da suka yi irin wannan kiɗa a ƙasar.

A 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasa a Yamai ya naɗi kundi guda, wanda aka sani da La Musique Électronique du Niger, ma'ana kiɗan lantarki na Nijar. An buga shi a kaset, kwafi kusan 100 kacal. Kiɗan ya ci gaba da yawo a rediyo da talabijin shekara da shekaru, amma kaset ɗin kansa ya yi wuyar gani.

Can bayan shekara talatin da ƴan kai, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin fayafayai na Sahel Sounds da ke birnin Portland, yana binciken tsofaffin kaset a gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, sai ya ci karo da kwafi ɗaya. Ya saurara, ya nemi mai shi, ya same shi da ransa da lafiyarsa, suka daidaita. A 2013 aka sake buga kundin a faifai. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Nijar ba suka fara neman kiɗan Salamatu, ɗaya daga cikin waɗanda ke ciki, shi kuma Mamman Sani ya hau dandamali a Turai. A 2014 aka fitar da Taaritt, kiɗan da ya naɗa a shekarun 1980, sannan a 2015 aka tattara wasu kaɗe-kaɗensa na 1981 zuwa 1984 da ba a taɓa bugawa ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa

Idan kun ji an ce tsohon kundi ya sake fitowa, to ɗaya daga cikin abu uku ne ya faru, kuma yana da kyau a bambance su.

Na farko, sake bugawa. Ana ɗaukar kundin yadda yake a mayar da shi kasuwa, a faifai ko a intanet.

Na biyu, wankin sauti, wanda masu sana'ar ke kira rimasta. Muryar da aka naɗa tun farko ita ce dai, amma an tsabtace ta. Mawaƙin ba ya sake buɗe baki, makaɗin ba ya sake taɓa ganga. Galibi ana haɗa wannan da na farko, a wanke sannan a buga.

Na uku, sake rerawa. Nan mawaƙi ne ke komawa ɗakin ɗaukar murya ya maimaita waƙoƙinsa. Misali na kusa shi ne Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan jahar Tawa. A 2024 ya fitar da Funeral for Justice da gitar lantarki mai ƙara kamar tsawa, sannan a 2025 ya sake rera waƙoƙin da gita marar lantarki a ƙarƙashin sunan Tears of Injustice. Waƙoƙi ɗaya, naɗi biyu daban.

Yaya ake wanke sauti?

Zaren da ke cikin kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai kama maganaɗisu. A jikin wannan garin murya take kwance. Zaren yana tafiya ƙasa da santimita 5 a daƙiƙa, yana goga wani ɗan ƙarfe da masu gyaran rediyo ke ce wa kai, shi ke karanta muryar.

Mai wankin sauti yana farawa da neman kwafin da ya fi kusa da asali. Wannan shi ne rabin aikin. Kun san yadda ake yi a kasuwa: a kwafi kaset daga kaset, wancan ma a kwafe shi, kowane kwafi yana ƙara shuuu yana rage kaifin murya. Kwafi na biyar ba ya taɓa kama na farko.

Idan an samu, sai a duba zaren. In ya tsinke a liƙa shi da abin liƙi na musamman, in kwanson ya karye a zare zaren a mayar da shi cikin wani kwanso. Sai a goge kan na'ura, a daidaita shi da zaren, domin ko kaɗan ya karkace murya za ta fito kamar mai magana cikin tulu. Daga nan a kunna, sautin ya shiga kwamfuta. Ba a gaggawa a nan: kaset mai minti 60, minti 60 ɗin zai ci.

Aikin kwamfuta ya biyo baya. A rage shuuu ɗin nan, a cire ƙas-ƙas, a gyara gudu idan an naɗa da batir mai rauni har muryar ta canza, a daidaita amon ƙasa da na sama yadda ganga ba za ta danne mai waƙa ba, a sa ƙarfin waƙoƙin ya zo daidai daga farko zuwa ƙarshe.

Amma fa wankin yana da iyaka. Inda garin ƙarfen ya kankare daga zaren, murya ta tafi ke nan, babu na'urar da za ta dawo da ita. Haka kuma in mai wankin ya cika hannu wajen cire shuuu, sai ya haɗa da kaifin kalangu da numfashin mawaƙi, muryar ta koma kamar ta cikin ruwa. Shi ya sa ƙwararru kan ajiye kwafi biyu, ɗanye wanda ba a taɓa ba, da wankakke. Gobe in an samu na'ura mafi kyau, a koma kan ɗanyen.

Ƙungiyar da tsohon kundi ya tada

Abin da ya faru da Mamman Sani ya taɓa faruwa da ƙungiya sukutum a Senegal. An kafa Orchestra Baobab a Dakar a 1970, kuma ta yi tashe a shekarun 1970. Da salon mbalax na su Youssou N'Dour ya mamaye gari, kasuwarta ta mutu, ta watse a 1987. Mai kaɗa mata gita, Barthélemy Attisso, ɗan Togo, ya ajiye gitar ya koma Lome yana aikin lauya.

Sai dai akwai wani naɗi da suka yi a 1982 wanda masu satar fasaha suka yi ta kwafa suna sayarwa. Da kamfanin World Circuit na Ingila ya buga shi a 1989, sunan da aka ba shi ke nan, Pirates Choice, wato zaɓin ɓarayin kaset. A 2001 kamfanin ya wanke sautin, ya ƙara waƙoƙi, ya sake fitarwa. Karɓuwar da ya samu ta tafi tare da haɗuwar tsofaffin makaɗan, suka yi wasa a Landan a wannan shekara, Attisso ya sake ɗaukar gita. A 2002 suka fitar da sabon kundi, Specialist in All Styles, kuma cikin waɗanda suka jagoranci naɗinsa har da Youssou N'Dour, wanda salonsa ya ture su a da.

A nan za a ga yadda abu biyun ke tafiya. Wankakken tsohon kundi yana tuna wa jama'a da mawaƙi, ya jawo masa sababbin masu saurare. Sabon kundi kuma shi ke nuna cewa har yanzu da sauran ƙarfi. Sabon yana da nasa nauyi, domin masu saurare za su auna shi da na da, alhali murya ta manyanta, wasu abokan kiɗa kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Kuɗin na wane ne?

Wanke sauti ba ya mayar da waƙa ta mai wankin. Haƙƙi na mai waƙa ne, in ya rasu ya koma ga magadansa na tsawon shekarun da doka ta ƙayyade. A Nijar, ofishin BNDA ne ke kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta.

Kan wannan ma akwai misali. Mdou Moctar ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula ba tare da ya samu ko dala ba. Da Sahel Sounds ya so saka waƙarsa a tarin da ya fitar a 2011, sai da aka nemo shi aka yi magana, daga baya a 2014 aka buga Anar ɗin a faifai.

Don haka in baƙo ya zo neman tsohon kaset na wani mawaƙin garinku, a tambaye shi me zai yi da shi. A kira mawaƙin ko iyalinsa. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a faɗi rabon kowa. Kuma kada a ba da kwafi ɗaya tilo ya bar gari sai an juye shi an ajiye.

Kaset ɗin da ke gidanku

Fayafayan su Mamman Shata, Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos sun bazu, ana samun su a wurare da yawa. Marigayi Sa'adu Bori na Maradi ma ya samu an buga shi a waje tun 1994, a kundin Niamey Twice tare da Moussa Poussy. Waɗanda ke cikin haɗari su ne na kusa da mu: makaɗan noma, makaɗan ƴan kokowa, zabiyoyin biki, karatun malaman da suka rasu, da kaset ɗin saƙo da ƴan ci-rani kan naɗo su aiko gida kafin zuwan salula. Irin waɗannan sau da yawa kwafi ɗaya ne a duniya. A wani gidan, nan ne kaɗai muryar mahaifi ko ta kaka ta rage.

Abokan gabar kaset sanannu ne: zafin rana da na rufin kwano, laimar damina mai kawo hunhuna, ƙurar hunturu, da maganaɗisun da ke cikin lasifika. A ajiye shi cikin kwansonsa, a tsaye, a ɗaki mafi sanyi, nesa da lasifika da ƙasa inda gara ke bi. A saman kowane kaset akwai ƴan ƙananan marufai biyu. A ɓalle su, rediyo ba za ta ƙara iya naɗar wani abu a kai ba. In kun ga fari-fari a jikin zaren, ko ya manne, kada a kunna. Kada kuma a gwada kaset mai daraja a rediyon da aka san tana cin zare, a fara gwada ta da wanda ba a damu da shi ba.

Wajen juyewa, a nemi mai na'urar kaset mai lafiya da zai haɗa ta da kwamfuta ta waya. Kara salula a bakin lasifika ya fi babu, amma zai kwaso kukan awaki da iska. A roƙi a ajiye shi a tsarin WAV, wanda ke cin kimanin megabayit 10 a minti ɗaya, wato kusan 600 ga kaset mai minti 60. MP3 ya fi sauƙin aikawa, kusan megabayit 1 a minti, amma ya zubar da wani ɓangare na sautin, bai dace da wanki ba. In za a tura ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda yadda zai isa kamar yadda yake.

Sannan a rubuta abin da aka sani: sunan mai waƙa, garinsu, shekara ko sarautar wanda aka yi a zamaninsa, bikin wane ne. Tsofaffin da suka san amsar suna nan yanzu, a tambaye su.

Ƴan uwa na waje, nan ne hannunku zai yi amfani. Kuɗin juye kaset da na katin memori biyu ba su kai na atamfa mai kyau ba. Kati ɗaya ya zauna gida, ɗaya ya tafi wurinku, in wani ya lalace wani na nan. Shi kuma kaset ɗin, ko an juye kada a yar da shi. A mayar da shi cikin kwansonsa a ajiye, domin mai wankin sauti in ya zo, asalin zai fara tambaya.