Hawan duwatsu a dajin Fontainebleau

Dajin Fontainebleau yana da nisan kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da birnin Paris na ƙasar Faransa. Nan ne mazauna birnin masu sha'awar hawan dutse a fili suka fi zuwa.

Yanayin wurin

Dajin cike yake da dubban gajerun duwatsun yashi, shi ya sa galibi ba a amfani da igiya. Mai hawa yakan shimfiɗa katifa a ƙasa, abokinsa kuma ya tsaya don tare shi idan ya zame. Fitattun wuraren hawa sun haɗa da Bas-Cuvier, Apremont da Franchard.

Tarihi

Tun ƙarshen ƙarni na 19 mahaya daga Paris suke atisaye a dajin kafin su tafi tsaunukan Alps. A shekarar 1947 aka fara yi wa duwatsun alamar fenti. Launin alamar yana nuna wahalar hanya: rawaya ta sababbin shiga ce, ja kuma ta gogaggu.

Ziyara

Jirgin ƙasa daga tashar Gare de Lyon yakan isa Fontainebleau-Avon cikin kusan minti 40. Ana gargaɗin mahaya da su guji hawa bayan ruwan sama, domin jiƙaƙƙen dutsen yashi yana saurin gutsurewa.