Majigi, Waya da Asusu: Yadda Na'ura ke Koya wa Matan Karkara Sana'a

Koyo ta na'ura shi ne a ɗauki darasi a zuba shi cikin kwamfuta, ko waya, ko ƙaramin majigi, ta yadda mai koyo zai gani ya ji, ya kuma maimaita sau nawa yake so ba tare da malami na tsaye a kansa ba. A birni ɗalibai da ma'aikata ne suka fi cin moriyarsa. A karkara kuwa, wadda ta fi buƙatarsa ita ce macen da ke da sana'a a hannu amma ba ta taɓa zama a aji ba: mai ƙuli-ƙuli, mai daddawa, mai kiwon awaki, mai saƙar tabarma. Ta ƙware a aikinta tun tana yarinya. Abin da ke yi mata cikas shi ne lissafi, da sanin farashin kasuwar da ƙafarta ba ta zuwa, da dabarar adana kaya har su yi daraja.

Darasin da ya fi amfani ga irin wannan mace ba shi da tsawo. A ɗauki mai ƙuli-ƙuli. Ta sayi gyaɗa, ta biya kuɗin niƙa, ta sayi itace, ta matse mai, ta soya tunkuza, ta ɗora wa yarinya talla. Da yamma ciniki ya dawo a ƙullin zane, daga nan aka ciri kuɗin cefane, aka ba yaro na makaranta, maƙwabciya ta karɓi kwalbar mai bashi. Ranar kasuwa sai ta ga kuɗin ba su kai na gyaɗar da ta saba saye ba, kuma ba ta san inda uwar kuɗi ta zurare ba. Wani bincike da aka yi a Jamhuriyar Dominika kan masu ƙananan sana'o'i ya gwada hanyoyin koyarwa biyu: cikakken darasin lissafin kasuwanci, da kuma 'yan ƙa'idoji masu sauƙi, irin su a ware kuɗin sana'a da na gida a ma'ajiya daban, mai sana'a ta yanka wa kanta albashi ta tsaya a kansa. Ƙa'idojin nan masu sauƙi su suka fi canza yadda mutane ke riƙe kuɗinsu, musamman waɗanda ba su yi nisa a karatu ba. Irin wannan darasi ne na'ura ta fi iya ɗauka, domin ana iya nuna shi cikin 'yan mintoci da gwangwani biyu da ƙwayar gyaɗa.

Misali mafi shahara ya fito ne daga Indiya. A shekarar 2006 wani matashin injiniya, Rikin Gandhi, ya fara wani gwaji a cibiyar binciken kamfanin Microsoft da ke Bangalore, gwajin da daga baya ya zama ƙungiya mai zaman kanta da ake kira Digital Green. Dabararsu ita ce kada a kawo fim daga birni. Mutanen yankin ake koya wa riƙe kyamara, su ɗauki wata manomiya ta kusa tana nuna abin da ta gwada ya yi kyau, cikin harshenta, a tsakar gidanta. Bidiyon ba ya wuce minti goma da wani abu. Da yamma, bayan an gama aikin gida, matan ƙungiya kan taru a ɗaki guda, a haska fim ɗin a bango da majigi mai batir wanda bai fi tafin hannu ba. Mai jagorar zaman, wadda sau da yawa 'yar garin ce, takan tsayar da fim a tsakiya ta tambayi wa ta gane, wa ke da shakka, wa za ta gwada. Bayan kwanaki sai ta bi gida-gida ta ga wadda ta aikata. Gwajin farko a jihar Karnataka ya nuna cewa, idan aka auna da kuɗin da aka kashe, hanyar ta ninka tsohon tsarin malaman gona sau goma wajen sa mutane su ɗauki sabuwar dabara, ko da yake ƙauyukan gwajin kaɗan ne. Daga baya tsarin ya bazu a jihar Bihar ta hannun ƙungiyoyin mata na shirin JEEViKA, ya kuma ƙetara zuwa Habasha.

Abin lura a nan shi ne majigin ba shi ne malamin ba. Mace takan yarda da abin da ta ga wata irinta ta yi, mai irin zanenta da irin murhunta, fiye da abin da baƙo mai takalmi sau-ciki ya faɗa. Gani ya kori ji.

A ƙasar Hausa ma an yi gwaji mai ma'ana. Daga 2009, ƙungiyar Catholic Relief Services tare da masu bincike, cikinsu har da Jenny Aker ta jami'ar Tufts, sun gudanar da shirin ABC a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram a Nijar. Azuzuwan yaƙi da jahilci ne da Hausa da Zabarmanci, maza daban mata daban. A rabin ƙauyukan an ƙara da koyar da amfani da ƙaramar waya mai maɓallai, mutum biyar na tarayya a kan waya ɗaya. Ɗaliban da suka samu wayar sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, domin sun sami dalilin yin aiki da haruffa da lambobi bayan an tashi daga aji: neman lambar ɗan'uwa, tura saƙo, tambayar farashi. An kuma ga gidajensu sun ƙara yawan ire-iren abin da suke shukawa, musamman amfanin da mata ke nomawa don sayarwa, kamar kuɓewa. Sai dai binciken bai ga farashin da suke sayar da kayan ya tashi ba. Wannan sakamako ya cancanci a riƙe shi da kyau: ilimi na sa mace ta gwada sabon abu, amma ba ya gyara hanyar mota, ba ya kawo mai saye bakin ƙofa.

Shi ya sa darasin na'ura ya fi kama ƙasa idan ya sami ƙungiyar da ta riga ta kafu. A nan ma Nijar na da tarihi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, inda aka ɗora a kan al'adar adashi: mata na zuba kuɗi kowane mako cikin asusu, suna ba juna rance da 'yar riba, su raba abin da ya taru a ƙarshen zango. Tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Irin wannan ƙungiya na da ranar zama, da shugaba, da amana, da ɗan jari. Matar da ta kalli yadda ake turkar rago don babbar Sallah tana da inda za ta ranci kuɗin ragon a zaman da ta kalli fim ɗin, kuma tana da abokan da za su tambaye ta yadda ake ciki.

Matsalolin ba ɓoyayyu ba ne. Rahotannin ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, sun sha nuna cewa a Afirka kudu da Sahara mata na bayan maza sosai wajen amfani da intanet a waya, kuma tsadar waya da rashin iya karatu su ne kan gaba cikin dalilai. A gidaje da yawa wayar ta maigida ce, tana fita da shi da safe. Caji sai an aika wurin mai janareto ko mai sola an biya. Sabis na zuwa yana ɗaukewa. Don haka darasin da zai yi aiki sai ya zama na murya da hoto, da harshen gida, gajere, wanda za a iya zuba shi a katin memori ko a tura daga waya zuwa waya ba tare da data ba. Lokacin zama kuma matan ne ya kamata su tsayar, kuma a shigo da mazaje da masu gari tun farko don kada a wayi gari an hana fita.

Akwai darasi guda da bai kamata a tsallake ba duk inda aka fara karɓar kuɗin ciniki ta waya: yadda ake gane saƙon shigar kuɗi na bogi, da cewa ba a ba kowa lambar sirri, ko da ya kira ya ce daga banki yake. Mace mai ƙaramin jari ba ta da abin da za ta mayar idan ɗan damfara ya kwashe mata shi a kira ɗaya.