Aidin da mussar gida: a yi hattara

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kun san amfanin mussa, wadda wasu ke kira kyanwa ko mage. Ita ce mai gadin rumbu. Inda take, kusu ba ya sakewa da hatsi. To, aidin ɗin da kuke shafa wa cibiyar ɗan rago ko ɗan maraƙi yana iya cutar da ita.

Mussa ba ta barin komi a jikinta sai ta lashe. In kun zuba mata aidin a kan ciwo, cikinta zai tafi. Mai ƙarfin, wanda aka haɗa da alkol, yana ƙona harshe da maƙogwaro. Za ku ga tana dalalar da miyau, tana amai ko zawo, ta ƙi abinci.

In ta ji ciwo, ku nemi Bétadine mai rawayar kwalba. Ku zuba cokali 1 cikin cokali 9 na dafaffen ruwa da ya huce, ku wanke ciwon, ku riƙe ta har wurin ya bushe.

In kuwa ta riga ta lasa da yawa, kada ku sa ta amai, don zai sake ƙona ta. Ku aje mata ruwa ko madara ta sha da kanta, ku kai ta ma'aikatar kiwo tare da kwalbar. Kada ku ba ta farasitamol: ƙwaya 1 tana iya kashe ta.

Ku rufe kwalba da kyau, ku rataye ta sama.