Iska da girgizar ƙasa: me ya sa lissafin kolekta ya bambanta?

Yau zan yi magana kan wani ɓangare na gini da ba a cika gani ba, amma idan ya tsinke, bene na iya zubowa. Injiniyoyi a Amurka suna ce masa kolekta, wato mai tattara ƙarfi.

Idan iska ko girgizar ƙasa ta tura gini ta gefe, dekin ko rufi ne ke ɗaukar wannan turi, ya miƙa shi ga bangon tokare, shi kuma ya sauke shi ƙasa. To amma bangon ba ya kai tsawon ginin. Ku ɗauka gefen ginin mita 30 ne, bangon kuma mita 10 kacal, a can ƙarshe. Ƙarfin da ke cikin sauran mita 20 ɗin fa, wa zai kai shi? Aikin kolekta ke nan. Bim ne, ko rodin da aka jera cikin kankare, yana tattaro ƙarfin yana ja ko yana turawa zuwa bango, kamar yadda indararo ke tara ruwan rufi ya zubar waje ɗaya.

To ina bambancin? Iska jikin gini take bugu, don haka faɗin bango da tsayinsa ne ke nuna yawan ƙarfinta. Kuma ana lissafi ne yadda ginin zai ɗauki bugun duka, ya dawo yadda yake ba tare da rodi ya miƙe ba.

Girgizar ƙasa kuwa da nauyi take aiki. Ƙasa ta motsa, nauyin dekin ya ƙi bin ta nan take, sai ƙarfi ya taso. Wannan ƙarfi yana da yawa ƙwarai, shi ya sa kundin ASCE 7 na Amurka ya yarda a rage shi ta hanyar raba shi da wata lamba, R. Ga bangon kankare na musamman, R tana zama 5 ko 6. Sharaɗin shi ne bangon zai tsage, rodinsa ya miƙe, ya shanye girgizar bai faɗi ba. Kun ga ashe lambar da ke kan takarda ba ita ce ainihin abin da ginin zai gani ba.

A nan gizo ke saƙar. Bango an ba shi izinin lanƙwasa, kolekta ba a ba shi ba. Idan ya tsinke kafin bangon ya fara aiki, bangon na nan tsaye lafiya lau, amma ƙarfin bai iso gare shi ba. Saboda haka a gine-ginen da aka sa a aji C zuwa F, kundin ya ce a ninka ƙarfin kolekta da wata lamba, omega, wadda yawanci take tsakanin 2 da 3. An ɗauke wa ƙananan gine-gine masu bangon katako wannan sharaɗi. Dokar ta ƙara tsauri bayan girgizar Northridge ta 1994 a Kalifoniya, inda benayen ajiye motoci suka rufta, aka kuma gano raunin dekin da haɗinsa da bango na cikin dalilai.

Mu koma kan misalinmu. A ce iska ta kawo tan 30 a wannan layi, girgiza kuma tan 24. Da sauri mutum zai ce iska ce babba, shi ke nan. Amma kolekta yana ɗaukar kashi biyu cikin uku ne: tan 20 na iska, tan 16 na girgiza. Ninka 16 da omega 2.5, ka samu tan 40. Ninki biyu ke nan na abin da iska ta nema.

Don haka, 'yan'uwa injiniyoyi da ɗalibai, kada ku kwatanta jimilla kawai ku yar da ƙaramar. Ku bi kowace hanya daban har zuwa mahaɗar kolekta da bango, ƙusa da walda da tsawon rodin da ya shiga ciki, don a nan aka fi samun tsinkewa.

Nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko, sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.